Ranar da Na Jawo Inna a Amalanken Yara

In kun ga dama ku yarda, in ba ku ga dama ba, ga hanyar Mafara nan, mota na zuwa kullum, ku je ku tambayi duk mai furfurar da kunka tarar bakin kasuwa. Ni nan gona ta taɓa ɓace mani. Ba akuya ba, ba zobe ba, gona sukutum da itatuwanta da surinta, ta ɓata da rana tsaka, har sai da na ɗora uwata da jikokinta uku a keke guda munka fita nemanta kamar masu cigiyar jaki. Za su ce maku ai telan nan maƙaryaci ne. Gaskiyarsu. Amma ku lura da fuskarsu, a kan wannan labarin ba za su yi dariya ba.

Ni tela ne, kuma tun ina yaro anka san ni da ƙarin gishiri. In na ga ɓera a zaure, kafin in kai ƙofar masallaci ya zama gafiya, kafin in kai shago ya fid da ƙaho ya tunkuyi ladan. Rabin masu kawo mani ɗinki ba don iya wuyan riga suke zuwa ba, don a zauna kan benci a sha dariya ne. Ni ma na ɗauki abin ado. Ban san akwai ranar da zan so a yarda da maganata, in duba gabas in duba yamma in rasa mai yarda ba.

Keken nawa a hannun wani tsohon masinja na saye shi, shekarar da ya aje aiki. Baƙi ne wuluk, dogo, da nauyin maraƙi. Kansa ya lanƙwaso baya ya zo ya tarye ka, ba sai ka duƙa ka bi shi ba. Sirdinsa na fata ne mai faɗi, da sifirin biyu a ƙasa. In ka hau, zaune kake ɗoɗar kamar alƙali zai yanke hukunci, bayanka a miƙe, babbar rigarka ba ta ko yamutsewa, kana gaida mutane dama da hagu. Samarin da ke tuƙa irin masu kai a ƙasan nan, gindi a sama kamar kaza na cin tsaba, su wuce ni suna dariya. Ni kuwa in ce masu su yi gaba, in sun isa su shaida wa mutanen garin babban mutum na tafe. Gudu dai ba ya yi, wannan gaskiya ne. Na sha faɗin cewa kunkuru ya wuce ni a hanyar Bakura har ya waiwayo ya yi mani sannu. Amma duk abin da ka ɗora masa sai ya kai shi.

'Ya'yana uku ne lokacin: babbar ɗiyata, da mai bi mata namiji, da auta wanda bai daɗe da barin nono ba. Da na fito da keke sai yaƙi ya tashi a tsakar gida. Kowa na son sandar gaba, ba mai son kariya, mazaunin baya, auta kuwa na son duka biyun. Uwarsu ta gaji da rabon faɗa, ta ce ko in sayar da keken ko in sayar da yaran. Sai na kwashi akwatin katakon da keken ɗinkina ya zo a ciki, da tayoyin wani mataccen keke, na kai wa wani maƙeri. Ya haɗa mani ɗan amalanke, ya sa masa dogon ƙarfe mai ƙugiya da ke maƙalewa ƙarƙashin sirdi. Munka shimfiɗa tsohuwar tabarma, munka jefa matashi guda. Ranar da na fara jan su cikin gari, sai da 'yan goro sunka bar goro sunka fito kallo. Yaran sunka sa masa suna jirgi.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai gona. Gonar gado ce, tana can gefen gulbi ta hanyar Maradun, kusa da ɗan ƙauyen da anka haife ni. Babana ya rasu ya bar mani ita, ni kaɗai ne namiji. Inna, mahaifiyata, ta ƙi biyo ni gari, ta ce ita ba za ta zauna inda ake sayen kukar miya ba. Tana nan gidan babana tana kiwon kajinta, ni kuma da damina in rufe shago rabin mako in je in yi noma. Abin da ya fito gonar nan shi muke ci har shekara ta zagayo. Ɗinki na cefane ne da sabulu.

Hanyar, ko an ɗaure wa yarana ido sun san ta, don da gindinsu sunka haddace ta. Da farko jar hanya mai tsakuwa, su buɗe baki suna jan murya don su ji tana rawa. Sai gangaren wani ɗan kwazazzabo, inda nake ɗage ƙafafu daga feda in ce birki ya tsinke, kowa ya yi salati. Duk Juma'a birkin nan sai ya tsinke, duk Juma'a sai sun yi kururuwa. Sai yashi, inda kowa ke sauka a tura, ban da auta, shi ne mai gari. Daga nan sai saiwoyin wani babban gawo guda uku da sunka gitta hanya. Amalanke ya yi tsalle sau uku, su ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, sai ga tsamiyarmu, ga Inna zaune a gindinta da ƙwaryar fura ta rufe da faifai.

Tun lokacin yana ta fara rufe mata ido, ba ta gane fuska sai ka matso, amma ƙararrawata tun daga yashi take jin ta. Lokacin tumu ta gasa masu ɗanyen gero su ci har bakinsu ya yi baƙi. Ni in kishingiɗa in ba su labarin kadan da na taɓa hawa na ƙetare gulbi. Ita kuwa ta ce, "Ku ci ku ƙyale ubanku. Tun yana goye yake ƙarya, kukan yunwa yake yi da nono a baki."

Tana da wata ɗabi'a da muke mata dariya. In ta shiga gona sai ta duƙa ta ɗebi ƙasa, ta murza, ta sansana, ta ɗan sa a harshe. Ta ce ta wajen tsamiya zaƙi-zaƙi gare ta, ta wajen suri tana da ɗan kanwa, ta maƙwabcinmu na arewa kuwa lami ce kamar mai ita. Maƙwabcin nan taubashina ne, ɗan ƙanen Inna, shi ya sa ba ta raga masa. Ta ce ko cikin buhu anka kawo mata ƙasar gonarmu za ta gane ta. Iyakarmu kuwa ba a takarda take ba. Daga tsamiya zuwa suri, daga suri ka bi layin gamba har kanya, daga kanya ka gangara bakin fadama. Kowa ya san ta, ba a taɓa ɗaga murya a kanta ba.

Maganar dam ta daɗe tana yawo. Mun ga manyan motoci suna wucewa Bakolori, mun ga Turawa da jan wuya, an ce za a tare gulbi a riƙa noma rani da damina. Ni har na ƙara nawa a shago, na ce in an gama shinkafa dafaffiya za ta riƙa fitowa, da man ja a kai.

Wata Juma'a muna gindin tsamiya sai ga mota ta tsaya. Wani malamin awo ya fito da littafi, da mutum biyu masu jan sarƙar awo. Baƙo ne, daga ganin wandonsa ba ɗinkin ƙasar nan ba ne. Rana ta dake shi, ga alama tun safe yake yawo. Inna ta ja mayafi ta juya baya, don ba za ta yi magana da baƙon namiji ba ga ɗanta a wurin. Na tashi na tarye shi.

"Maraba, malam. Ina wuni? Ina gajiya? Ya iyali? Ya rana? Ya anka ji da hanya?"

"Lafiya. Wa ke da wannan gona?"

"A zauna a sha ruwa tukuna mana. Ga fura."

"Na gode. Wa ke da ita, kuma ina iyakarta?"

To a nan sai na tsaya na yi bayani, don 'yan yanzu ba za su gane ba. A wurinmu ba a gaya wa baƙo mai littafi girman gona. Tun kakanni, duk wanda ya zo da alƙalami yana tambayar gona, haraji ya kawo shi. Ko ba haraji ma, mutum ba ya tsayawa ya nuna arzikinsa da yatsa, saboda baki. Sai an zauna, an sha ruwa, an yi 'yan zagaye-zagaye, an gane ɗan gidan wane ne, sannan a ɗan buɗa masa. Maƙwabtana da anka tambaya a ranar duk rage tasu sunka yi. Mai babbar gona ya nuna ɗan gefe ya ce iyakarta ke nan, sauran ta wani ce da ya tafi ci-rani. Ni kuwa ragi ba sana'ata ba ce. Ga kuma yara uku sun zuba mani ido suna jiran abin dariya.

Na ce, "Malam, ka ga can inda sama ta taɓa ƙasa? To nan ne tsakiyarta. Ƙarshenta yana bayan Janbako. Bara na aiki wani ya dubo mani wake a wancan gefen, har yau bai dawo ba, an ce ya yi aure a hanya."

Yara sunka faɗi suna birgima. Masu jan sarƙa ma, da yake 'yan ƙasa ne, sunka juya baya kafaɗunsu na rawa. Ni jira nake ya murmusa, ya zauna, ya sha fura, sannan in kama hannunsa in kai shi suri in kai shi kanya. Haka ake yi. Shi kuwa ya dube ni, ya dubi agogonsa, ya ce akwai ƙauyukan da ke jiransa kafin magariba, in na shirya magana in same shi ofis. Ya rufe littafi ya shiga mota.

Inna ba ta ko juyo ba ta ce, "Bi shi."

"Inna, zai dawo. Wa zai wuce gona mai tsamiya irin wagga bai rubuta ba?"

"Na ce ka bi shi."

Ban bi shi ba. Na ce sai Litinin. Litinin ga ɗinkin kasuwa, Talata ga kasuwa, Laraba ga gajiyar kasuwa. Da na je ofis daga baya anka ce malamin ya koma wani yanki, amma kar in damu, kowa za a mayar masa da gonarsa in an gama gyara. Na dawo na gaya wa Inna an rubuta. Duk ƙaryata ta duniya da ƙarfi nake yin ta, a gaban jama'a. Wannan kaɗai na yi ƙasa-ƙasa.

Bayan kaka katafila sunka shigo. Ban je kallo ba. Mutane sunka ce tsamiyarmu ta ba su wahala, sai da biyu sunka haɗu a kanta. Da na ba da labarin a shago na ce goma ne, kuma ɗaya ta mutu a wurin. Ba wanda ya yi dariya, don duk wanda ke bencin nan akwai itacen da ya rasa. Ƙauyen namu ya watse, tunda ba abin da mutum zai zauna yi. Na je na ɗauko Inna. Kajinta da turminta da tukwanenta sunka shiga amalanke, ita ta ƙi. Ta ce ita ba kaya ba ce. Da ƙafarta ta tako har Mafara, tana riƙe da kariya, ni ina tura keke.

An ce damina guda za mu yi haƙuri. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba a bar kowa ya sa iri ba. Rumbu ya zama ɗakin ɓeraye, su ma daga baya sunka yi ƙaura. Na fara auno hatsi a kasuwa, ni da babana har ya mutu bai taɓa riƙa tiya da niyyar saye ba. Ɗinki kuma ya mutu, don manomin da ba shi da gero ba ya ɗinka riga. Faci kawai ake kawowa, faci bisa faci, har na kai ina rasa inda rigar take in kama.

Uwar yara 'yar Dakko ce, can ƙasar Bakura. Na ce bari in kwashi yara mu je gaida surukina, ko ya ara mani ɗan gefen fadama. Tafiya ce mai nisa, kwana munka yi can. Da safe tsohon ya kai ni fadamar da a da ruwan gulbi ke malalowa ya kwanta a yi shinkafa. Ta tsattsage, ƙafar auta na shigewa cikin tsagar. Ya ce tunda anka tare ruwa a sama ba ya zo masu yadda ya saba. Ya ce, "Ku an kwashe maku ƙasa an bar ruwa, mu an kwashe mana ruwa an bar ƙasa. In ka sami mai haɗa mu, ka zo da shi." Ban ma iya buɗe baki na faɗi abin da ya kawo ni ba. Ya ƙulla wa yaran 'yar gyaɗa a tsumma munka juyo. A hanya ɗiyata ta ce, "Baba, birki ba zai tsinke ba yau?" Na ce mata an gyara shi.

Daga nan fitar Juma'a ta mutu. Ina za a? Amalanke ya koma bayan ɗaki, kazar Inna ta yi ƙwai a ciki. Abin da ya faru tsakanin manoma da hukuma a shekarun nan kuwa, kowa a ƙasar nan ya sani. Ba na saka shi cikin labaraina. Ba ya ɗaukar gishiri.

Sai rannan anka yi shela za a mayar wa mutanen yankinmu filayensu. Na sa babbar riga na hau keke na tafi inda anka ce a taru. Wani malami ne daban, ɗan ƙasa, mai sanyin murya. Ya yi ta kiran suna, ana ba kowa lamba. Waɗanda sunka rage gonarsu anka ba su daidai abin da bakinsu ya faɗa, sunka karɓa suna kallon ƙasa. Anka gama ba a kira ni ba. Na matsa na durƙusa, munka gaisa har iyali har dabbobi.

"Ranka ya daɗe, a sake dubawa. Ko iska ta buɗe shafi biyu a haɗe."

Ya duba, ya sake dubawa. "Babu kai." Ya ɗago ya ƙare mani kallo. "Tsaya. Ba kai ne mai gonar da ta wuce Janbako ba?"

Anka yi dariya a bayana. Irin dariyar da na yi shekara da shekaru ina nema, ga ta ta zo ban kira ta ba.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma ta ɗan motse. Yanzu daga tsamiya ne zuwa suri."

"Wace tsamiya?"

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce gobe suna nan gefen har la'asar. In na iya tsayawa kan wurin na ce nan ne, dattawa biyu sunka yarda nan ne, zai kai maganata sama. Bai yi mani alkawari ba. Daga gobe kuma sun tashi daga yankin.

Na sami taubashina na roƙe shi. Ya ce, "Zan zo, in jawo wani. Amma in tsaya ina, uban 'yan ƙarya? Ni tawa ma lamba anka ba ni, na je na tsaya a kai kamar baƙo a gidan biki."

Da na isa gida Inna na zaune a inuwar ɗaki tana tsince wake da lalube. Lokacin idon ya kusa tafiya duka, ƙafafun ma sun fara ƙi. Na tsuguna gabanta.

"Inna, gonar nan ba a rubuta ta ba."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun randa ka hwaɗa mani. Kai in kana ƙaryarka murya kake ɗagawa. Rannan ƙasa ka yi da ita." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na gaya mata abin da malamin ya ce. Sai ta ture faifan ta ce, "Fid da kazar can daga akwatinka. Gobe ka kai ni."

Da safe munka fita. Inna a cikin amalanke, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, auta a jikinta. Namijin a sandar gaba, ɗiyata a kariya. Ita ta nace sai an je da su, ta ce su za su ƙirga tsalle uku. Da munka ratsa ta 'yan goro wani ya ɗaga murya ya ce, "Tela, yau jirgi Makka za shi da tsohuwa?" Na sunkuyar da kai na ci gaba da tuƙi. Mutumin da kansa ya ji kunya ya koma cikin rumfa.

Tsohuwar hanya babu ita. An yi sabuwa a gefen kanal, babbar magudanar simintin da ke kawo ruwa daga dam, an daddaɓe ta sumul. Wallahi tunda na sayi keken nan bai taɓa tafiya mai daɗi irin ta rannan ba. Ba tsakuwa, ba gangare, ba yashi. Mutum biyar a kai, amma kamar iska ke tura mu. Ina zaune ɗoɗar, sifirin ko motsi ba ya yi, ƙararrawa ba ta kaɗa kanta. Sai dai duk abin da zai ce mana ga inda muke an share shi.

"Baba, mun wuce yashi?" in ji namijin.

"Saura kaɗan."

"Baba, ina gawo?"

"Yana gaba."

Ba gawo a gaba, ba gawo a baya. Fili ne fetal kamar faifai, ja wur, ba itace ko na asuwaki, sai turakun siminti jefi-jefi da lamba a jikinsu. Abin da na gaya wa malamin awo da wasa, ga shi an yi shi da gaske: gona guda tun daga nan har inda sama ta taɓa ƙasa. Sai dai ba tawa ba ce.

Munka tarar da taubashina da wani dattijon ƙauyenmu suna jira. Malamin na can nesa a inuwar motarsa da mutane kewaye da shi. Na auna da ido daga inda gulbi yake, na tsaya inda zuciyata ta ba ni, na kama Inna na sauko da ita. Ta duƙa, ta ɗebi ƙasa, ta murza, ta sansana, ta sa a harshe. Ta tofar.

"Gaba."

Na mayar da ita amalanke, na ja. Taubashi ya ce mu yi arewa, dattijon ya ce a'a, da can in ka tsaya gindin tsamiya hasumiyar masallacin wani ƙauye na hannun dama, sai dai shi ma ƙauyen yanzu babu. Munka yi arewa. Ta ɗanɗana, ta tofar. Munka yi kudu. Tun ina ƙirga tsayawar har na bari. Rana ta take, leɓɓanta sunka bushe sunka yi ja da ƙasa, na ba ta ruwa ta kurkure ta ce in ja. Yau da a shago nake ba da labarin, da na ce ta cinye rabin filin. Ba ta ci ba, amma abin da ta sa a baki rannan zai cika ludayi.

Ɗiyata ta ce, "Baba, ka yi gudu. In ka yi gudu za mu ji saiwar ko tana ƙasa." Na aje Inna a inuwar rigar taubashi, na kwashi yaran na yi ta zarya cikin filin, gaba da baya, kamar mahaukaci. Can sai amalanke ya yi tsalle. Su ukun sunka haɗa baki, "Ɗaya." Sunka yi tsit suna jira. Na ci gaba da tuƙi, ina jira ni ma. Ba biyu. Da na waiwaya, guntun turken siminti ne wani ya yar.

La'asar ta yi. Malamin ya tako da kansa, littafi a hammata. Ya rusuna ya gaida Inna da kyau, ya tambayi jiki, ya tambayi gajiya, sannan ya ce, "Iya, an gane wurin?"

Na duƙa saitin kunnenta na ce, "Inna, ki ce nan ne kawai. Su taubashi za su ce haka ne. Ba wanda ya sani."

Taubashina ya gyaɗa kai, dattijon ya kau da fuska, alamar shi ma ba zai musa ba. Kalma biyu ta rage tsakaninmu da gona. Ni da na yi ƙarya ta cika kasuwa, rannan ta wani nake roƙo, 'yar ƙarama, ta bakin da za a yarda da shi.

Tana riƙe da ƙasa a tafin hannu. Ta buɗe yatsu ta bar ta ta zube.

Ta ce, "Malam, wagga ƙasa an dame ta. Ta tudu da ta hwadama da ta ƙarƙashin suri duk an gauraye. Ban san ta ba, ita ma ba ta san ni ba. In na ce nan ne, wataƙila gonar wani maraya ce za mu ci, ni kuwa na kusa kwanciya cikinta."

Malamin ya ɗan tsaya, kamar yana jiran ta canja. Sannan ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya juya. Ban ga laifinsa ba har yau.

Ba mu sake mallakar gona ba. Namijin nan da ke zama a sanda, da ya girma ƙwadago ya yi ta yi a filin nan, ana biyansa da yini, wataƙila ma a kan ta kakansa, wa ya sani. Inna ba ta daɗe ba ta rasu, a gari, inda ake sayen kukar miya. Keken na nan jingine a zaure, tayoyin sun ruɓe, jikokina na hawa suna kaɗa ƙararrawa.

Amma rannan dai sai da munka koma gida, kan hanyar nan mai santsi. Can auta ya fara kukan yunwa, namijin ma na ga kafaɗarsa na rawa a tsakanin hannuwana. Halin nawa kuwa bai san ranar da ya kamata ya kwanta ba. Na gyara murya na ce, "Ku yi shiru ku ji. Kun san gonar nan ba ɓata ta yi ba? Tsoron katafila ta ji. Ta naɗe kanta kamar tabarma, tsamiya ta ɗauke ta a ka, suri na biye da kayan miya, sun tafi Tsibiri wurin dangi. Wani direba ya gan su bakin hanya suna shan fura. In an kwana biyu za su dawo."

Auta ya tsagaita. Namijin ya ɗago kai, har bakinsa ya fara buɗewa. Sai na ji Inna a baya ta tofar da sauran ƙasar da ke bakinta.

"Tuƙa kekenka, tela. Ubanka gona ya bar maka, kai labari za ka bar ma ɗiyanka. In mun isa gida ka ba uwassu ta dahwa masu shi."